Yadda Na Kai Kyallu Kurmin Turaku

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa ba tabarma, ya kafa sama ba dirka, ya ba kowace dabba warinta, ya ba kowane mutum halinsa. Ni halin da aka ba ni shi ne ban yarda da kowa ba. Sunana Cindo. Garinmu Tudun Marke, a ƙasar Zangarma, inda kogi ke gudu gabas da rani, ya juya yamma da damina. Ba ni da yawan magana. Abin da na gani zan faɗa, in tsaya.

Sana'ar gidanmu jibda ce. Magen jibda dabbar daji ce, ta ninka ta gida sau uku, jikinta dabbare-dabbare baƙi da fari. A ƙarƙashin wutsiyarta akwai 'yar jaka da take tara wani maiƙo, shi ake kira jibda. Ɗanyensa yana korar baƙo daga zaure. In aka sirka shi, babu turaren da ya kama ƙafarsa. Muna ajiye magen a keji matsattse, wanda ba ta iya juyawa a ciki. Duk kwana tara sai a riƙe wutsiyar, a kwashe maiƙon da cokalin ƙaho, a cusa man shanu a gurbin don kada wurin ya yi gyambo.

Abu ɗaya ne: ba ta haihuwa a keji. Kakana a daji ya kamo nasa, ubana ma haka. Da aka zo kaina, dajin ya zama gonaki. Keji arba'in na gada, aka wayi gari ɗaya ne kawai mai numfashi a ciki. Sunanta Kyallu. Shekararta tara, kuma daga goma ba a sa ran ɗa. In ta mutu haka, sana'ar gidanmu ta mutu a hannuna.

Wani bafatake ya ce mini can bayan Baƙin Kogi, bayan Birnin Suri, bayan Farar Ƙasa, akwai garin da jibda ke haihuwa a hannun mutane. Ban yarda da bakinsa ba. Amma na shinshina rigarsa, na ji sabuwar jibda ba sirki. Sai na ɗora keji a kan jaki, na rataya babban ƙahon sa da na tara jibdar shekara uku a ciki, wanda shi ne duk abin da na mallaka, na fita ban yi sallama da kowa ba.

Baƙin Kogi faɗinsa tafiyar rabin yini ne a jirgi. Kowane jirgin fito a can yana da inyawara, siririyar dabba mai doguwar wutsiya zobe-zobe. Ita ke kama ɓerayen da ke cin kaya. In ta zauna a goshin jirgi kuma, duk inda wutsiyarta ta nuna, kada na nan. Mai fiton, wani dogo mai suna Makau, ya dubi kejin ya dubi ƙahon, ya yi murmushi.

Ya ce, "Baba, nauyi ya yi yawa. Kai da jaki ku shiga nawa, keji a sa a wancan na ƙanena."

Na dubi wancan. Siriri ne, matuƙa shida, ba kaya, ba ƙaiƙayi, ba kashin ɓera.

Na ce, "Ina inyawarar wancan jirgin?"

Ya ce, "Ta je ganin gida."

Na ce, "To, in ta dawo ta gaishe ni. Jaki ya shiga can, ni da keji nan."

Fuskarsa ta yi tsami, amma ya riga ya ce nauyi. Muna kaiwa tsakiyar ruwa, siririn jirgin ya karkata ya shige cikin kyauro da jakina. Makau ya ɗora hannu a ka yana ihu, "Ɓarayi! Wayyo jakin baƙo!"

Na ce, "Rage murya, kada su ji su zaci uwarku ce ke kira."

Daga nan a kaina na ɗauki Kyallu.

Kwana goma sha tara na yi kafin Birnin Suri. Gari ne da aka gina a tsakanin surin gara, kowane suri ya kai tsawon rimi. Macizai a can sun fi ciyawa yawa. Saboda haka ba mai taka ƙasa sai da tunku ɗaure a igiya yana tafe a gabansa. Tunku gajere ne, dogon jiki, kaifin baki, ba ya tsoron maciji. Liman da tunkunsa, mai tallan nono da nata. Tun daga bakin ƙofa na lura duk tunkun da na wuce sai ya ja igiya ya biyo kejin yana shinshina.

Wani mai gida, Barmo, ya sauke ni. Fara'arsa ta yi yawa. Ya kira ni yaya, ya kira ni uban gida, ya tambayi lafiyar iyalin da ban ce masa ina da su ba. Da rana ta take, ya kawo mini fura, ya kawo wa Kyallu nama.

Na ce, "Mun ƙoshi."

Ya ce, "Haba yaya, zargina kake? Duba." Ya yanki naman ya jefa wa tunkunsa, ya haɗiye, ya lashe baki. "Ka gani? Lafiya lau."

Na ce, "Wanda ke karya kumallo da kan kububuwa ba ya zama shaida."

Na yanki wani na jefa wa hankaka a kan katanga. Ya ci, ya yi taku uku, ya faɗo ƙasa yana minshari. Ban taɓa jin tsuntsu ya yi minshari ba sai ran nan. Ina ɗaga kai na ga ƙarti biyu sun tsaya a bakin zaure, kowa da kulki.

Barmo ya ce, "Tsoho, ajiye kejin da ƙahon, ka fita da ƙafafunka."

Na ce, "Na ji. Ka yafe mini, tafiya ce ta ɓata mini hali." Na sa yatsa a bakin ƙahon kamar mai gyara murfi, na rungume shi kamar mai neman gafara, na goge masa ɗanyar jibda daga ƙeya har kugu.

Tunkunsa ne ya fara hawa shi. Sai na ƙartin suka tsinke igiya. Iska ta ɗauki warin ta kai kasuwa, sai ga tunku ta kan katanga, ta magudanar ruwa, ta ƙarƙashin ƙyaure, wasu suna jan masu su a ƙasa. Barmo ya ɓace a cikinsu, muryarsa kawai ake ji yana kiran sunan kakarsa. Mutanen gari kuwa, da kowa ya ga ba tunku a gabansa, sai kowa ya haye abin da ya samu. Na ga alƙali a kan turmi da ƙafa ɗaya.

Ni ma macizan ba su san ni ba. Na damƙi igiyar wani tsohon tunku mai ido ɗaya, na shafa jibda a kan sandata, na miƙa ta gabansa. Ya bi sandar, ni na bi shi. Macizai huɗu ya kashe kafin mu fita gari. A bakin daji na kwance shi, na bar masa sandar.

Farar Ƙasa ba itace, ba inuwa. Makiyayanta a ramuka suke zaune saboda mikiyar can tana ɗaukar maraƙi. Akwai wasu 'yan dabbobi, dangin tunku amma ba su kai shi ba, masu baƙin zobe a ido. Suna tsayawa a kan ƙafa biyu kamar masu jiran sallah, shi ya sa ake ce musu 'yan tsaye. In sauran na tono, ɗaya na gadi a kan tudu. In ya yi kuka, mutum da dabba kowa ya faɗa rami.

Ran farko ina yanka wa Kyallu kilishi na ji kukan. Na watsar da kilishin na faɗa rami da keji. Na leƙo, ba mikiya. Wani baƙin tsuntsu mai rababbiyar wutsiya ne ke tafiya da kilishina. Shi ya kwaikwayi kukan. Wata makiyayiya da ke tatsa ko motsi ba ta yi ba, dariya ta kusa kifar mata da ƙwarya.

Ta ce, "Baƙo, ba kunne ake ba su ba, ido ake ba su. In ka ji kuka, dubi mai gadin. In yana nan tsaye, tsuntsu ne ke neman abincinka."

Na riƙe wannan. Kwana shida bayan haka na dubi tudu na ga ba mai gadi, kuma ban ji kuka ba. Na faɗa rami. Inuwa ta rufe bakin ramin, iska ta cika mini ido da yashi, na ji kukan maraƙi yana yin sama.

Haka na isa garin da bafataken ya faɗa. Duk wanda na zarga a hanya, zargina ya tabbata. Ku riƙe wannan, don ku san da wace zuciya na shiga.

Garin ya kewaye wani kurmi mai katanga, zagayensa rabin yini. A cikin kurmin, gefen kowace 'yar hanya, an kafa turaku masu santsi, tsawon gwiwa, sun fi dubu. Jibdar kurmin sake take. Ita da kanta take goga maiƙonta a jikin turke, da safe mata su shiga da cokula su kankare. Ko keji ɗaya babu a garin.

Shugabar matan wata gajeriyar tsohuwa ce, Iya Tabawa, ba haƙori ko ɗaya, goro sai an daka mata. Ta zagaya kejina sau biyu.

Ta ce, "Wannan ɗaki ne ko makara?"

Na ce, "A cikinsa ta shekara tara."

"Ai na gani a ƙafafunta. Me kake so, mai keji?"

"Ta haihu."

Ta ce, "Ka taki sa'a. Shekaranjiya ruwan farko ya sauka. Kwana bakwai muzuran kurmi ke neman mata bayan ruwan farko, daga nan sai baɗi. Yaushe rabonka da kwashe ta?"

Na ce, "Kwana goma sha biyu."

Ta ce, "Madalla! Gobe da sassafe ka kawo ta bakin kurmi ka buɗe. Kada ka taɓa ta, kada ka yi mata komai."

Wannan madallar ba ta kwanta mini ba. Jaka cike da jibdar kwana goma sha biyu, a sake ta cikin turakun mutane, kuma a ce kada in taɓa. Na ce a raina, ga Makau ya dawo da zane. Gari na wayewa na riƙe wutsiyar Kyallu na kwashe ta tas, na zuba a ƙahona, na cusa man shanu yadda muka saba. Sannan na kai ta.

Na buɗe kejin, ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito ta yi taku kamar goma ta tsaya, ta dawo da baya da baya, don ba ta san ana juyawa ba. Can dai ta shige ciyawa.

Kowace safiya Iya Tabawa kan shiga ta karanta sawu, ina bin ta. Safiyar farko sawun Kyallu kaɗai. Ta biyu ga sawun babban muzuru ya nufo ta, saura taku uku ya karkata ya yi gaba. Iya ta dube ni. Ta uku muka sami Kyallu kwance a bakin ƙofar kurmi, kunne a yage, tururuwa ta yi layi zuwa wutsiyarta.

Tsohuwar ta durƙusa ta shinshina. Ta miƙe a hankali.

Ta ce, "Man shanu. Kai, mage ka kawo mana ko tuwo?"

Ta nuna wutsiyar Kyallu.

"Warin jibdarta shi ne sunanta, shi ne sallamarta. Ka tura ta cikin danginta ba suna, tana ƙamshin miya. Muzuru ya wuce ta, mata sun yage ta. Me ya kai ka?"

Na ce, "Na zaci jibdar kuke so."

Ta ce, "Ta kwana goma sha biyu? Jikata tana kankare fiye da haka kafin kunu ya huce."

Na ce, "Yanzu fa?"

"Yanzu saura kwana ɗaya. Jakarta ba za ta cika ba sai kwana tara, kai ka fi ni sani. Muzuran kuma sun watse can ƙarshen kurmi. Hanya ɗaya ce. A shafa warinta a turaku tun daga can har nan, su biyo shi su same ta."

"Turke nawa?"

"Ɗari uku, in an yi tsimi." Ta dubi ƙahon da ke rataye a kafaɗata. "Duk nata ne a ciki, ko?"

Turke ɗari uku. Na san abin da ƙahona ke ɗauka. Ko na shafa wa gemu ba zai rage ba.

Ta miƙo hannu. "Kawo, 'yan matana su shafa, sun fi ka sauri."

Na ja baya. Na ce, "Ba mai taɓa shi."

Ta ce, "To zauna da shi. In ta mutu sai ka sa shi a kejin, ka riƙa ba shi nama." Ta koma gindin tsamiya ta zauna.

Daga hantsi har azahar ina zaune a kan dutse. Na nemi alama. A kogi na ga jirgi ba inyawara. A Birnin Suri na sami hankaka. A nan ba abin da zan jefa wa wani ya ɗanɗana mini. Na tuna maganar makiyayiya, na daina sauraron abin da tsohuwar ta faɗa, na dubi ita kanta. Tana nan zaune tana mamular goro, tana korar ƙuda, ko kallona ba ta yi. Mai gaskiya haka zai zauna. Ƙwararren ɓarawo ma haka zai zauna. Idan dabara ce, ta fi ta Barmo nesa ba kusa ba, don ni da kaina na ba ta ƙofa. Idan ba dabara ba ce kuma na ƙi, baɗi Kyallu ta cika goma.

Kyallu ta ɗaga kai tana lasar jinin kunnenta. Ta yi ƙoƙarin juyawa ta kori tururuwar, ta faɗi, ta sake.

Na tashi. Na ce, "Iya, a ba ni ruwan ɗumi. Kuma da hannuna zan shafa."

Ta ce, "Shafa da gemunka ma in ka so."

Na wanke man shanun. Wata mata ta shige gaba tana nuna mini hanya, muka tafi ƙarshen kurmin. Turke bayan turke na durƙusa na shafa, ina lissafa wannan na watan kaza ne, wannan na daminar bara. Bayana ya ƙage. Rana na gab da faɗuwa na iso inda Kyallu take, na kankare gindin ƙahon, na sami cokali ɗaya, na mayar mata inda na ɗauko shi. Na busa ƙahon ya yi ƙara kamar na mafarauta.

Da safe muka shiga. Sawun muzurai uku ne, manya, sun biyo turakun ɗaya bayan ɗaya. A turken ƙarshe ƙasa ta tumurmushe, ga gashi, an yi faɗa. Daga nan sawu biyu suka shiga duhuwa kafaɗa da kafaɗa, ɗaya babba, ɗaya mai jan ƙafa. Na san mai jan ƙafar.

Ina tsaye ina kallo sai na ji waƙa a bayana. Na waiga. Mata ne sun fi talatin, kowace da cokali da ƙoƙo, suna bin turakun da na shafa suna kankarewa.

Na ce, "Iya! Me suke yi?"

Ta ce, "Abin da suke yi kullum. Turakunmu ne. Ko so kake rana ta shanye?"

Wata biyu da rabi na yi a garin ina ɗebo wa mutane ruwa don in ci tuwo. Duk wanda ya wuce ni ran kasuwa, ina jin jibdata a rigarsa. Har mai unguwa ya tsayar da ni ya ce bana turare ya yi albarka. Na gyara tuluna na wuce.

Wata safiya Iya Tabawa ta ja hannun rigata ta kai ni wani kogon kuka a tsakiyar kurmi. Na leƙa. 'Ya'ya uku, baƙaƙe, kowane bai fi tafin hannuna ba. Kyallu ta juyo, juyi sosai irin na dabbar daji, ta buɗe mini haƙora. Na zauna a ƙasa. Tsohuwar ta yi kamar tana duba wani turke har na gama abin da nake yi da fuskata.

Da aka yaye su ta ba ni mata biyu daga na Kyallu, ta ƙara mini namiji daga wani kogon, ta riƙe ɗaya. Kyallu ba ta ko kusanci kejin ba, ni ma ban kira ta ba. Aka saƙa mini kwando mai faɗi. Iya ta ce in na koma in sayi fadama in kewaye, in bar ta ta yi duhu, in kafa turaku.

Ta rako ni har bakin gari. Na ɗora kwandon a ka, na tsaya.

Na ce, "Iya, tsakaninki da Allah. Da ban shafa ƙahon nan ba, da muzuran sun zo?"

Ta tofar da goro, ta goge baki da gefen zane.

Ta ce, "Da ba ka shafa ba, da ka sani."

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Kurmina yana da turke sittin, bara an haifi bakwai a ciki. Har yau ban sani ba.